Tukunyar Kabari Ba a Cinikinta

Ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce, da ƙafata na taka ta. Ni ce Kande, maginiyar tukwane a Wudil, 'yar maginiya, jikar maginiya. Ban yi boko ba. Malama Rifkatu, mutuniyar Filato da ke koyarwa a jami'ar garinmu, ita ta zo sayen randa, ta shafa zanen da ke jikinta, ta tambaye ni inda na samo shi. Na ce mata amsar ba ta tsaye ba ce. Ta jawo kujera ta zauna, ina faɗa tana rubutawa.

Kafin in ɗora ku a hanya, ku riƙe abu guda. In aka yi rasuwa a unguwa, gidanmu ake zuwa ɗaukar tukwanen da za a rufe kabari da su kafin a zuba ƙasa. Ba mu taɓa karɓar ko anini a kansu ba. Ranar da mahaifiyata ta fara ɗora mini yumɓu a tafin hannu, ta ce tukunyar ruwa a yi cinikinta, ta miya a yi cinikinta, amma hannun da ya ci kuɗin tukunyar kabari, wuta ba za ta ƙara yi masa biyayya ba. Ta sa na yi mata alkawari, na yi.

A bazarar da ta biyo bayan komawar soja bariki, lokacin da kowane bango ya cika da hotunan 'yan siyasa, sana'armu ta kwanta. Roba ta cika kasuwa, amare sun daina neman randa. Wata Juma'a sai ga wani mutum a rumfata, fari, mai taushin murya, ana ce masa Alhaji Mamman. Ya ce wani attajiri a Yamai yana gina masauki irin na da, yana neman magina masu hannu. Na amsa. Asabe ta Dagumawa ma ta amsa. Ƙanwa ce a wurina ta sana'a, mijinta ya rasu, ga 'yarta an sa mata rana bayan kaka, ba ko faranti a ɗaki.

Sallama da kukan jikoki ku bar su, ba su ne labarin ba.

A Maraɗi aka fara. Alhaji Mamman ya karɓi ɗan guzirinmu ya ce zai canjo mana kuɗin ƙasar, ya haɗa da takardar da aka ba mu a kan iyaka ya ce gara ta zauna a aljihunsa. Ya bar mu a tasha tun hantsi har inuwa ta juya. Da ya dawo, burodi ya miƙo mana. Guziri da takarda kuwa, ganin da muka yi musu ke nan.

A Birnin Ƙonni jandarma suka sauke kowa. Ɗaya ya kwance ƙullina, ya tarar da dutsen guga, da totuwar masara, da guntun ƙwarya, ya ja da baya yana tambaya ko kayan tsubbu ne. Wata mai fura da ke gefen titi ta aje ludayinta ta ce masa, ɗan nan, ba ka taɓa ganin kayan aikin mai tukwane ba? Ya jefo mini ƙullin. Matar ta dama mana fura ta ƙi karɓar komai. Ban tambayi sunanta ba, har yau ina sa ta a addu'a.

Daga Doso Hausa ta fara ƙarewa a bakin mutane. Sai ka yi gaisuwa doguwa, a amsa maka da kalma ɗaya. A nan Asabe ta fara kuka a cikin mayafi.

A Yamai ba mu ga masauki ba, ba mu ga attajiri ba. Wani kango aka kai mu a bayan gari, tsallaken gada, kusa da babban kogi. Ɗaki ɗaya, rumfa ɗaya, katanga mai tsawo. Alhaji Mamman ya fito da wani abu daga buhu ya jingina a bango. Na yumɓu ne, dogo kamar cinyar ƙato, baki ɗaya a buɗe, ɗaya gefen a rufe, jikinsa duk layuka da 'yan ƙuraje a jere. Asabe ta zagaya shi ta ce ai indararo ne, mai shi ya manta bai huda ƙarshen ba. Ni ma na ce haka ne, wataƙila sai an zo kafawa a soro ake hudawa. Me kuma dogon abu irin wannan zai zama a idon mutumin Wudil?

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. “Indararo ne, Inna. Irinsa nake so, da yawa.”

Sai dai sharuɗɗansa sun ba mu mamaki. Kada a goge, kada a shafa jar ƙasa, a ɗan ɓantare bakin wasu, kada kuma mu danna alamar gidanmu a gindi. Muka ce kowane gari da irin son ransa. Muka shiga aiki. Da sassafe mu gangara kogi mu haƙo yumɓu, mu cuɗa da ƙaiƙayi, mu yi ta gini har la'asar. Shi kuma ya aje mana gari da ɗan mai ya ɓace. Maƙwabciyarmu wata Bazabarma ce mai wankau, Hamsu. Hausarta ba ta cika cokali ba. Kullum sai ta leƙo ta katanga ta ce fofo, wato sannu da harshensu, wani lokacin ta miƙo kwanon dambun zogale. Da hannu muke hira.

Rumfa ta cika da ɗanyun kaya a jere, amma Alhaji bai gamsu da zanen ba. Ya ce hannunmu ya cika tsabta. Ya sa mu a mota ya kai mu gidan tarihi don mu ga na ainihi da idonmu.

Ban taɓa shiga wuri irinsa ba. Ga zaki a keji, ga kura, ga ƙasusuwan wata dabba da tsawonta ya fi motar shanu. Ga maƙera da dukawa suna aiki a rumfuna. Alhaji ya tura mu wani ɗaki mai sanyi, ya ce mu duba da kyau, shi zai gaisa da wani a waje.

Suna nan a tsaye bayan gilashi, manya da ƙanana, duk a kife, bakinsu a ƙasa. Na daɗe ina kallo. Wallahi waɗanda suka gina su sun san yumɓu. Layin da suka ɗora bai karkace ba, ƙurajen kamar an auna da ƙwayar gero. A gefen wata na hango inda babban yatsan maginiyar ya zame ya bar shatarsa. Na ɗaga nawa yatsan na gwada daga bayan gilashi. Ɗaya suke. Na ji kamar na tarar da 'yar uwa a garin da ban san kowa ba.

Wani dattijo mai gadin ɗakin yana jin Hausa, irin ta mutanen Adar. Na gaishe shi, na tambaye shi daga soron wane sarki aka ciro waɗannan indararo. Ya dube ni, ya dubi Asabe. Ya ce ba indararo ba ne. Daga wata tsohuwar maƙabarta aka tono su, can yamma. Mutanen da ne suke kifa su a kan mamatansu, wasu ma da ƙasusuwa aka same su.

Na zauna a ƙasa a gaban mutane, dattijon ya kawo mini ruwa a moɗa.

A mota na tambayi Alhaji Mamman, ban ɗaga murya ba. Bai ko yi musu ba. Ya ce in an toya za a binne su a ƙasa mai kanwa su kwana biyu, su fito kamar sun shekara dubu, baƙi daga ƙasashen Turai su saya da tsada. Na gaya masa alkawarin da ke wuyana. Ya ce ai ba gawa a ciki, kuma waɗancan mutanen ko salla ba su sani ba. Na ce kabari dai kabari ne.

Ya tsayar da motar a bakin gada ya juyo. “Inna, ƙofa a buɗe take. Kin san hanyar Wudil daga nan? Ba takarda, ba kuɗin mota, ba harshe. In kuma jandarma suka shiga kangon nan, shatar hannunki za su gani a jikin kayan, ba tawa ba.”

Ya ce zai yi tafiya ya ɗauko abokin cinikinsa mai kai kaya bakin teku. Ranar da za su iso, yana so ya tarar da wuta tana ci. In kaya suka fito lafiya, mu koma gida da hannu cike. In ba haka ba, mu san inda dare ya yi mana.

Da ya tafi, ni da Asabe muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba. Ta ce ba da saninmu muka gina ba, Allah ya ga zuciya. Ta ce uwata ce ta ɗora mini alkawari, ita tata uwar ba ta ɗora mata komai ba sai talauci. Ta ce in na taɓa kayan nan, ita da bakinta za ta gaya masa. Ban ga laifinta ba. 'Yarta na jira, ni kuma mamaciya nake wa biyayya. Muka koma cin tuwo kowa da kwanonta.

Na daina gini. Da safe sai in ɗauki kwando kamar mai zuwa haƙa, in je bakin kogi in zauna. Ruwa ya ja baya saboda bazara, ya bar fili mai faɗi. Can tsakiya dorina na fitar da hanci, masunta na kewaye ta daga nesa. Iskar wurin da warin laka irin na kogin garinmu ne sak, har in na rufe ido sai in ji kamar ƙarar manyan motoci a kan gadar Wudil. In na buɗe, sai in ga ba gida nake ba. Ina lissafin ko a nan za a binne ni, a kuma rasa mai ba da tukunya.

Ina zaune haka na lura da rairayin da ke gabana. Ruwa da zai tafi ya bar sawunsa, layi bayan layi, ba miƙaƙƙu ba, kowanne ya ɗan lanƙwasa ya shiga cikin ɗan uwansa. Shekara nawa ina taka irin wannan a gida ban taɓa tsayawa na duba ba. Na sa yatsa ina bi. Sai yatsan ya tuna layukan da magina matan nan suka ɗora a tukwanen bayan gilashi. Ashe su ma a bakin ruwa suka zauna.

Wata rana kuma zanzaro na kalla. Ya gina ɗakinsa a jikin wani karyayyen kwalekwale, yara suka farfasa shi. Ya sauka a kan ɓaraguzan, ya tafi bakin ruwa ya dawo, ya jiƙa, ya dunƙula, ya ɗauka ya soma wani ginin a gefe, ƙulli a kan ƙulli. Na kalle shi har rana ta take. Abin da kowace maginiya ta sani ne, tsoro ya mantar da ni: abin da bai shiga wuta ba, bai zama komai ba tukuna. Ƙasa ce, ruwa na iya mayar da ita.

Na koma kango na haƙa rami a gindin katanga. Na ɗauki na farko daga ɗanyun kayan da ke rumfa na sa a ciki, na kwara ruwa. Yana narkewa Asabe ta fito daga ɗaki. Ta tsaya, hannu a ka. Na ɗauki na biyu. Ta ce, Yaya, kin kashe mu. Na ce mata ta zauna a gefe, in ya zo ta ce ni kaɗai na yi, ba zan musa ba. Ta shige ɗaki ta ja ƙyaure.

Ni kaɗai na yi ta jido ruwa, har Hamsu ta leƙo ta ga abin da nake. Ban san me ta fahimta ba. Ta dai zagayo da garwarta ta kama mini.

Da yumɓun ya kwanta na cuɗa, na fara randa. Ina yi ina sauri, don ban san ranar da motar Alhaji za ta tsaya a ƙofa ba. Kowace ƙara daga titi sai in ɗago in duba. Amma abin da ya fito daga hannun nan ban taɓa gina irinsa ba. A kafaɗar randar na ɗora sawun ruwa, layi na shiga cikin layi. A wuya na jera ƙuraje irin na matan da, sai dai na haɗa su ƙulli a kan ƙulli yadda zanzaro ke yi. Na goge da dutse har ta yi sheƙi, na shafa jar ƙasa, na juya gindi na danna alamar gidanmu. Bakinta a sama, ruwa za ta ci.

Asabe ta yi kwanaki ba ta ce mini uffan ba. Rannan ina gini ta zo ta tsaya a kaina, ta ce wuyan tulun nan ya karkace, tsufa ya fara taɓa mini ido. Ta ture ni ta gyara. Ba ta ce ta yarda ba, ni ma ban tambaye ta ba. Har ranar tuya ban san abin da za ta faɗa masa ba.

Saƙo ya zo ta bakin wani direba cewa gobe suna tafe. Da asuba muka jera kaya a fili, muka rufe da tsingaro, da kara, da busasshen kashin shanu, muka lulluɓe da ciyawa har ba a ganin komai. Motar na tsayawa na yi bisimilla na sa wuta.

Alhaji Mamman ya shigo da fara'a, tare da wani siririn mutum mai baƙin tabarau. Aka shimfiɗa musu tabarma a rumfa, suka ɗora shayi. Yana ta yabona a gaban baƙon, wai hannuna zinariya ne. Ni kuwa ina zagaya wuta da sanda, zufa na shiga mini ido. Tsoro biyu ne a cikina. Na abin da zai yi in toka ta faɗa, da na wutar kanta. Na ci garinsa, na ci mansa, duk a kan tukwanen kabari. Ko wannan ma ciniki ne? Can cikin wuta wani abu ya ce tas. Jim kaɗan wani ya sake. Na ce shi ke nan, mahaifiyata ta yi fushi.

Sai Alhaji ya kira Asabe. Ya tambaye ta ko duka sun shiga, ko akwai saura a ɗaki. Asabe ta miƙe da damin ciyawa a hannu. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

“Alhaji, ba a yi wa maginiya magana wuta na ci,” ta ce. Ta juya ta watsa ciyawar.

Bayan azahar toka ta lafa. Alhaji ya taso da kansa ya tsaya a bayana. Na sa sanda na ture tsingaro. Kafaɗar randa ta fito, ja wur, sawun ruwa a jikinta. Na ƙwanƙwasa, ta amsa da ƙara mai zaƙi. Biyu ne suka fashe, sauran duk lafiya.

Ya fizge sandar daga hannuna ya shiga ture toka, randa, tulu, randa, yana neman abin da babu. Sannan ya ɗaga sandar ya sauke a kan ta farkon, ta tarwatse. Ya fasa ta biyu, ya fasa ta uku. Ya juyo kaina, sandar a sama. Na rufe ido ina salati.

Muryar Hamsu na ji. Hayaƙi ya tara matan unguwa a bakin ƙofa tun safe, ashe suna nan. Ta ratsa ta gabansa kamar ba ta gan shi ba, ta naɗe hannu da tsumma, ta jawo randa guda daga toka, ta kwance bakin zaninta ta aje mini kuɗi a ƙasa. Wata ta biyo ta, wata ta biyo wannan. Kango ya cika da mata suna ciniki da Zabarmanci. Mai baƙin tabarau ya ga taro ya yi yawa, ya zame ya shige mota. Alhaji Mamman ya tsaya da sanda a hannu, ba wurin saukewa. Ya watso mana ƙullinmu waje, ya ce mu je mu ci randa.

Ita muka ci kuwa. A ɗakin Hamsu muka zauna, muka ƙara gini da tuya sau biyu, ana zafi, kowa na son ruwan sanyi. Ta samo mana wani direban babbar mota, Bakano, da zai koma gida. A kowane shinge in aka tambayi takardarmu sai ya leƙa ya ce iyayensa ne, ya kai su asibiti. Allah ya yafe masa wannan ƙaryar. Da muka hango gadar Wudil, Asabe ta kama hannuna ta matse har ya yi ciwo.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Alhaji Mamman ban ƙara ganinsa ba, na dai ji an ce ya koma sayar da tsofaffin tayoyi a wani gari. Hamsu, na aika mata da turmin atamfa ta hannun direban nan, ya dawo ya ce ta tashi daga unguwar, ba wanda ya san inda ta koma. Atamfar na nan a adakata. Direban ya bar tuƙi, jikokinsa suna zuwa gaishe ni da salla. Zanen kuwa ya bazu, yanzu har yaran da ba su san Yamai ba suna ɗora shi, suna ce masa sawun ruwa.

'Yar Asabe ta tare da randuna biyu masu zanen nan a ɗakinta, ba gado mai rumfa, ba kabet. Asabe ba ta taɓa yi mini gori ba, sau ɗaya dai ta ce da na bari an toya, da yarinyar ta shiga da kujeru. Na ce haka ne. Bara waccan ta rasu. 'Ya'yanta suka zo daga Dagumawa ɗaukar tukwane, babban ya sa hannu a aljihu. Na riƙe hannun na mayar masa.

Nawa ma na gina su, suna bayan ɗaki a kife, ba zane ko ɗaya a jikinsu. Malama, rubuta wannan da kyau don jikokina su gani: in ranar ta zo, a ɗauka kawai, kada kowa ya tambayi nawa ne.